Shirin yaƙi da zunubi: abin da mai bi zai tanada tun kafin jaraba ta zo

Kusan kowace ikkilisiya ta san wannan. A yi taron farkawa na kwana uku, a daren ƙarshe mutane su fito gaba da hawaye, wani ya ce ya rabu da giya, wata ta ce ta bar gaba da matar ƙanin mijinta, saurayi ya ce shi da fasikanci har abada. Kafin wata ya zagayo, da yawa sun koma gidan jiya. Yawancinsu da gaske suka tuba. Matsalar ita ce sun tashi da niyya kawai, suka koma wa waya ɗaya, abokai ɗaya, hanya ɗaya ta dawowa daga aiki, ba abin da aka taɓa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A Afisawa 6:13 Bulus ya ce a ɗauki dukan makamai na Allah domin a iya tsayawa a muguwar rana, wato ana ɗaura su tun ranar ba ta zo ba. Wannan jagora a kan wannan shirin take. Za a yi magana da "kai" don sauƙi, amma 'yar'uwa, ke ma da ke ake.

Kafin komai: a kan me kake tsaye?

Mutumin da yake yaƙi da zunubi don Allah ya karɓe shi ba ya daɗewa. Ranar da ya faɗi sai ya ga kamar an kore shi, ya daina addu'a, ya daina zuwa sujada, daga nan kuma sai abin ya ci gaba. Wasiƙar Afisawa kanta ta nuna tsarin: surori uku na farko a kan abin da Allah ya riga ya yi ne cikin Almasihu, sai a sura 4 zuwa 6 aka shiga maganar yadda za a yi rayuwa. Ka karanta Afisawa 2:1-10 da Romawa 8:1-17 a hankali kafin ka fara sauran matakan. An cece ka ta wurin alheri, Ruhu Mai Tsarki yana zaune a cikinka, kuma ta wurinsa ake kashe ayyukan jiki (Romawa 8:13). Wannan bai ɗauke maka aiki ba. Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa biyun wuri ɗaya: kai ka yi aiki, domin Allah ne yake aiki a cikinka.

Mataki na 1: Ka kira abin da sunansa

"Ya Ubangiji ka gafarta mini dukan zunubaina" addu'a ce mai kyau, amma ba a yaƙi da abin da ba shi da suna. Ka ɗauki takarda ka rubuta zunubi ɗaya, wanda ya fi maimaituwa ko ya fi yin ɓarna, da kalmomin da ba su da ado. "Ina da rauni wajen mata" ado ne. "Ina kallon hotunan batsa a waya da dare" shi ne sunan. "Ina da zafin zuciya" ado ne, "ina zagin matata a gaban yara" shi ne sunan. Haka "ina tauye mudu", "ina taɓa kuɗin ƙungiya da niyyar zan mayar".

Ɗaya kawai. Mai cewa zai gyara abu bakwai a wata guda yakan ƙare bai gyara ko ɗaya ba.

Mataki na 2: Ka bi sawunsa na mako biyu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Yakubu 1:14-15 ya zana hanyar da zunubi yake bi: sha'awar mutum ta ja shi, ta ruɗe shi, ta yi ciki, ta haifi zunubi, zunubin ya girma ya haifi mutuwa. Duk manomin dawa ya san ƙuduji: tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwa tana tsotsa, ranar da ka ga furenta a fili ta riga ta yi ɓarna. Aikata zunubin shi ne furen. Kai kana neman inda abin ya fara.

Na kwana 14, duk lokacin da jarabar ta taso, ko ka faɗi ko ba ka faɗi ba, ka rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ne, ina kake, da wa kake ko kai kaɗai ne, kuma wane hali kake ciki (gajiya, yunwa, fushi, kaɗaici, ko kuɗi ne suka shigo hannu). Layi ɗaya ya isa. In kana tsoron wani ya gani, ka yi da alamar da kai kaɗai ka gane.

Da ka duba takardar a ƙarshen mako na biyu za ka ga abin ba kwatsam yake zuwa ba. Mai shan burukutu zai ga ranar kasuwa ce, bayan ya sayar da kaya, kuma hanyarsa ta komawa gida ta ratsa ta mashaya. Mai cacar ƙwallo a waya zai ga ƙarshen mako ne, ko ranar da albashi ya shigo. Mai gulma za ta ga bayan an tashi daga Zumuntar Mata ne, a hanyar gida, kuma da mutum biyu ko uku ne kullum. Mai fushi zai ga da yamma ne, ya dawo da yunwa aka tare shi da maganar kuɗin makaranta.

Ka dubi labarin Dauda a 2 Sama'ila 11 da wannan ido. Lokacin fita yaƙi ne, ya aiki Yowab shi ya zauna a Urushalima. Da yamma ya tashi daga gado yana yawo a kan soro. Ya hango mace tana wanka. Ya aika a tambayo ko wace ce. Aka gaya masa matar Uriya ce. Ya sake aikawa a kawo ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce da zai iya juyawa, kuma kowace ta fi ta bayanta sauƙin juyawa. Mafitar da 1 Korantiyawa 10:13 ta yi alkawari tana nan koyaushe, amma ta fi faɗi a farkon hanya.

Kada ka raina gajiya da yunwa a cikin abin da ka rubuta. Sa'ad da Iliya ya karaya har ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19), abin da aka fara ba shi barci ne da abinci, har sau biyu, kafin wata magana. Wanda yake kwana ƙarfe ɗaya na dare yana latsa waya ya riga ya raunana kansa don gobe.

Mataki na 3: Ka toshe ƙofar farko

Littafi Mai Tsarki ya ce a yi tsayayya da Iblis (Yakubu 4:7), amma da ya zo kan fasikanci da sha'awoyin ƙuruciya sai ya ce a gudu (1 Korantiyawa 6:18; 2 Timoti 2:22). Yusufu bai tsaya yi wa matar Fotifar wa'azi ba ranar da ta kama rigarsa. Kafin ranar ma, Farawa 39:10 ta nuna ya ƙi ko zama kusa da ita. Romawa 13:14 ta ce kada a yi wa jiki tanadi. Ga yadda wannan yake a aikace.

Waya: kada ta kwana a inda hannunka zai kai. Ka sa ta caji a falo ko ka ba wani ya riƙe daga ƙarfe 9 ko 10 na dare. In da ita kake tashi da safe, sayi ƙaramin agogo. Ka fita daga rukunin WhatsApp ɗin da ake turo abin, ka goge lambar da ka san bai kamata tana nan ba, har da saƙonnin da ka ajiye. Wanda abin ya yi masa nisa ya koma ƙaramar waya marar intanet na wata uku. Za a yi maka dariya, ba komai.

Caca: ka goge manhajar, ka rufe asusun gaba ɗaya. Ranar albashi ka fitar da kuɗin abinci, haya da makaranta tun da safe, ka damƙa wa matarka ko wani amintacce. Tunanin "bari in maido abin da na rasa sannan in daina" shi ne igiyar da ta fi riƙe mutane. Abin da ya tafi ya tafi.

Giya da ƙwaya: sauya hanya, ko da ta fi nisa, kuma ka gaya wa abokan shan a fili cewa ka daina, domin wanda ya ɓoye tubansa za a ci gaba da miƙo masa ƙwarya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma a kula: wanda ya shekara yana shan giya mai yawa kullum, har hannunsa yana rawa da safe in bai sha ba, kada ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Yankewa farat ɗaya tana iya kawo jijjiga da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. Haka mai tiramadol ko kodin yana bukatar likita ya bi da shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ko a fara da babban asibitin da ya fi kusa. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Laya, guru da maganin tsari: a Afisa, waɗanda suka tuba suka kawo littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, darajarsu ta kai kuɗin azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). Kada ka ɓoye a ƙasan akwati "ko don wata rana", kada kuma ka ba wani. Kira fasto ko dattijon ikkilisiya, a yi addu'a, a ƙone.

Akwai ƙofar da ba ta rufuwa: ba za ka bar gidanka don kana fushi da iyali ba, ba za ka daina zuwa zumunta don gulma ba. A nan sai a shirya abin yi tun da wuri. Mai fushi ya yi yarjejeniya da matarsa cewa ba maganar kuɗi sai an ci abinci. Mai gulma ta tanadi jimla ɗaya da za ta faɗa duk lokacin da aka ɗauko sunan wata: "Kin gaya mata? Mu je tare in kina so." Sau biyu ko uku za ki faɗa, za a daina kawo miki.

Mataki na 4: Ka cika gurbin

Yesu ya ba da misalin gidan da aka share aka bar shi ba kowa, ƙarshensa ya fi farkonsa muni (Matiyu 12:43-45). Afisawa 4:25-32 ba ta tsaya kan "daina" ba. Maƙaryaci ya riƙa faɗin gaskiya. Ɓarawo ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Mai ruɓaɓɓiyar magana ya riƙa faɗin abin da zai gina mai ji. Ka koma takardarka: awannin da zunubin yake cinyewa, me zai shiga wurin? In yammacin Asabar ne, ka sa kanka a aikin da za a neme ka in ba ka zo ba, kamar koyon waƙa, gyaran majami'a, ziyarar marasa lafiya, ko fita bishara da 'yan Sabon Rai. Kuɗin da yake tafiya a mashaya ka ba shi suna tun ranar da ya shigo: buhun masara, kuɗin makarantar yaro, biyan bashi.

Mataki na 5: Kalma da addu'a, da awo

A cikin makaman Afisawa 6, ɗamara, sulke, takalma, garkuwa da kwalkwali duk sawa ake yi ko a tare da su. Takobi kaɗai ake sara da shi, shi ne Maganar Allah. Da Iblis ya jarabci Yesu a jeji (Matiyu 4:1-11), amsoshinsa uku duk daga littafi ɗaya suka fito, Maimaitawar Shari'a 8:3, 6:16 da 6:13, kuma kowace ta dace da jarabar da aka kawo. Ba littafi ya buɗe ba, a ka suke.

Don haka abu biyu ne. Na farko karatun kullum. Minti 20 sun isa a fara: goma karatu, biyar tunani, biyar addu'a. Sabon Alkawari sura 260 ne, in kana karanta sura ɗaya kwana biyar a mako za ka gama shi cikin shekara ɗaya daidai, da kwana biyu kowane mako na cike gurbin da ka tsallake. Dukan littattafai 66 sura 1,189 ne, mai son gamawa a shekara sai ya yi uku zuwa huɗu a rana, amma wannan ba na sabon farawa ba ne. Yawancin masu farawa daga Farawa da zafi sukan maƙale a Littafin Firistoci. Fara da Markus, sura 16 ne, sai Afisawa, Yakubu, sannan Romawa 6 zuwa 8. Bayan karatu ka tambayi kanka: me wannan ya nuna game da Allah, me ya tona a kaina, me zan yi yau? Wanda bai iya karatu ba ya sa a ɗora masa na sauraro a katin waya, ko ɗansa ya riƙa karanta masa. Ka tsai da lokaci ɗaya da wuri ɗaya. Da damina, in ana sammakon gona, a mayar da shi lokacin hutun rana maimakon a bari gaba ɗaya.

Na biyu hadda, aya ɗaya a mako, wadda ta shafi zunubin da ka rubuta. Sha'awa: 1 Tasalonikawa 4:3-5. Fushi: Yakubu 1:19-20. Gulma: Karin Magana 26:20 da Afisawa 4:29. Caca da son kuɗi: Ibraniyawa 13:5, Karin Magana 13:11. Giya: Afisawa 5:18. Tsoron da ke kai mutum wurin boka: Zabura 121, 1 Yahaya 4:4. Algus a ciniki: Karin Magana 11:1. Rubuta a 'yar takarda, karanta da murya sau goma da safe, ka faɗi sura da aya kafin da bayan, ran Lahadi ka maimaita na makonnin baya. Ka tsaya kan fassara ɗaya. Tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 da waɗanda suka biyo bayanta kalmominsu sun bambanta, mai haɗa su yakan rikice a tsakiyar aya.

Addu'ar safe ta zama ta shiri: ka duba ranar, ka ambaci wurin da ka san jarabar tana jiranka, ka roƙi taimako a kansa da sa'arsa. Abin da Yesu ya ce wa almajirai a Getsamani ke nan, su yi tsaro su yi addu'a don kada su faɗa cikin jaraba (Matiyu 26:41), su kuwa suka yi barci. Da dare minti biyar: ina na tsaya, ina na zame, wa ya kamata in nemi gafararsa kafin in kwanta.

Azumi yana taimakawa wajen koya wa jiki jin "a'a". Sabon farawa ya yi daga safe zuwa ƙarfe 12 ko 3, sau ɗaya a mako, ya ba lokacin cin abincin ga addu'a, ba tare da shela ba (Matiyu 6:16-18). Mai ciwon suga, mai gyambon ciki, mai juna biyu, mai shayarwa da mai shan magani a kan lokaci kada su yi sai da shawarar likita. A zafin Maris da Afrilu a sha ruwa. Azumin kwana bakwai kuma ba ya maye gurbin goge lambar waya ɗaya.

Mataki na 6: Mutum ɗaya da ya san gaskiya

Yakubu 5:16 ya ce a furta wa juna zunubai a yi wa juna addu'a. Zaɓen mutumin ne ke da wuya. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Ya zama ya girme ka a bangaskiya, ba wanda yake cikin irin ramin yanzu ba. Ka gwada shi da ƙaramin sirri tukuna, domin akwai masu mayar da asirin mutum "batun addu'a" a gaban taro, kuma wanda aka yi wa haka sau ɗaya da wuya ya sake buɗe baki. 'Yan Katolika suna da furta zunubi a gaban fada, duk da haka aboki na mako-mako yana da nasa amfani.

Ku haɗu sau ɗaya a mako, rabin awa. Ka ba shi izinin yin tambaya kai tsaye: ka faɗi a wannan mako? Yaushe jarabar ta fi ƙarfi? Shingen da ka sa yana nan? Akwai abin da ka ɓoye mini yanzu? Tsarin yakan mutu ta hanya biyu: ko zaman ya koma hira, ko mutum ya fara ba da rabin gaskiya don kunya. Ku yarda kuma cewa za ka iya kiransa a lokacin da jarabar take kanka, ko da dare ne. Kira kafin faɗuwa ya fi rahoto bayanta.

In zunubin yana cutar da wani, kamar dukan mace ko taɓa yara, ya wuce sirrin mutum biyu. Dole shugabannin ikkilisiya su sani, a kāre wanda ake cuta, abin da ya shafi hukuma kuma a kai wa hukuma.

Wata magana a gefe. Shaiɗan yana nan, Bulus bai ɓoye ba. Amma Yesu ya ce daga zuciyar mutum mugayen tunani, fasikanci da sata suke fitowa (Markus 7:21-23). Mai yawo daga wannan mai addu'a zuwa wancan don a cire masa "aljanin giya" alhali bai sauya hanyarsa ta komawa gida ba yana ɓata lokacinsa. Wanda kuma ya yanka maka farashi kafin ya yi maka addu'a, ka karanta amsar Bitrus ga Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8:20 ka kama gabanka.

In ka faɗi

Ka furta wa Allah a ranar, da sunan abin, bisa ga 1 Yahaya 1:9. Kada ka jira sai ka "ji ka cancanta". Ka gaya wa abokin tafiyarka kafin kwana ɗaya ya wuce. Haɗarin da ya fi faɗuwar kanta shi ne tunanin "tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa", wanda yake mayar da kuskuren dare ɗaya ya zama na wata guda. 2 Korantiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki iri biyu, mai kai ga tuba da mai kai ga mutuwa. Bitrus da Yahuza duk sun yi baƙin ciki, bambancin shi ne inda kowa ya nufa da nasa. Zabura 51 da 32 addu'o'in wanda ya faɗi ne, ka yi amfani da su in bakinka ya rasa kalma.

In akwai haƙƙin wani, a mayar. Zakka ya yi alkawarin ninki huɗu (Luka 19:8). Kai ko a hankali ne, ka je ka faɗi adadin, ku tsara yadda za ka biya. Wanda ka ɓata wa suna, ka gyara a gaban waɗanda suka ji. Sai ka koma takardarka ka tambaya: wace ƙofa ce ta buɗe? Kusan kullum za ka tarar wani shinge ne aka sassauta kwana biyu ko uku kafin faɗuwar.

Ran Lahadi ka je sujada. In abin ya kai ikkilisiya ta sa ka a horo, ka zauna ka ɗauka, kada ka gudu wata majami'ar inda ba a san ka ba. Dattawa kuma su tuna horo don maidowa ne cikin tawali'u (Galatiyawa 6:1), su sa wanda zai riƙa ziyartar mutumin, su kuma faɗi sa'ad da za a sake duba maganarsa.

Bayan wata uku

Ka zauna da abokin tafiyarka ku duba. Tazarar da ke tsakanin faɗuwa ta ƙaru? Kana gane jarabar tun tana nesa? Kana tashi da wuri in ka zame? Ka tambayi mutanen gidanka ma, domin haƙuri, tawali'u da kamunkai da Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa, matarka da yaranka ne za su fara ganinsu ko rashinsu. In babu wani motsi ko kaɗan, yawanci ɗayan biyu ne: akwai ƙofar da ka ƙi rufewa, ko kuma abin da ka rubuta reshe ne, tushen yana wani wuri, kamar bashi, ɗacin rai a kan wani, ko aure da ya yi sanyi. Wannan sai a kai wa fasto ko dattijo mai hikima a zauna a kai.

In an sami ci gaba, kada ka cire shingayen. Wata na uku zuwa na shida ne mutum yakan ce ai yanzu ya yi ƙarfi, ya maido waya gefen gado, ya koma gaisawa da 'yan mashaya, abin da 1 Korantiyawa 10:12 ta yi gargaɗi a kai. Ka bar su yadda suke, ka ɗauki sabuwar takarda, ka rubuta zunubi na biyu.